Riƙon yaran sikawut ba wasa ba ne

Jama'a wallahi duk mai ganin aikin sikawut fareti ne kawai a Murtala Square da ɗaura kyallen wuya, ya zo ya riƙe yara na wata ɗaya ya gani. Mu a turuf ɗinmu, wato rukuninmu na sikawut, na Tudun Wada doka ta farko, ba yaron da zai bi mu kamp sai da takardar izini da sa hannun babansa, ko kuka yake ba ruwana. Kuma babba ɗaya baya keɓewa da yaro, dole mu zama biyu, wannan kam ba sassauci.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tsarin faturol, yara shida zuwa takwas da shugabansu a cikinsu, tsarin da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya gwada tun kamp ɗinsa na 1907 a Ingila. Kana tsaye kana kallo sun kafa tanti a karkace, shinkafa ta caɓe, hannunka na ƙaiƙayi amma dole ka ƙyale su su gyara da kansu.

Sai gaisuwar hannun hagu da 'yan sikawut ke yi, wani dattijo ya tare ni wai Malam rashin tarbiyya kuke koya musu? Sai da na zauna na yi masa bayani tukuna. Iyaye don Allah haɗuwarmu ta Asabar ƙarfe takwas ne, ba tara ba.