Sai da na je Yankari sau biyu kafin na ga giwa

Tun ina yaro nake jin labarin namun daji a bakin kakanmu, Allah ya jiƙan shi, a zauren gidanmu nan cikin birnin Katsina. Yakan ce lokacin da suke fatauci ta yamma, in aka doshi dajin Rugu dabbobi ake tsoro ba mutane ba. Yanzu kau kowa ya san abin da Rugu ya koma, Allah ya kawo mana sauƙi. To wannan labarin ne ya zauna mani a rai, na girma, na yi aure, na haihu, amma giwa dai sai a talabijin da kuma wadda na taɓa gani a gidan zoo na Kano, kuma wallahi ba ɗaya ba ne, dabbar da ke tsaye cikin shinge tana jiran a miƙa mata rake daban take da wadda ke dajinta.

Da na yi niyya da gaske sai na fara bincike a waya, duk inda na taɓa Kenya da Tanzaniya ake nuno mani. Masai Mara da Serengeti, inda wasu dabbobi masu kama da shanu sama da miliyan ɗaya suke ƙaura tare da jakunan dawa, daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba suna tsallake kogin Mara kadoji na jiransu a ruwa. Can ne ake zuwa neman manyan nan biyar, zaki, damisa, giwa, ɓauna da karkanda. Abin ya burge ni ba kaɗan ba, amma da na lissafa tikitin jirgi da masauki da kuɗin shiga daji, duka da dala, ga yadda naira take, sai na ajiye wayar. Ba ni kaɗai zan tafi ba, ina son ɗana ya gani da idonshi.

Na duba Nijar tunda ga ta nan maƙwabta, daga Jibiya ka faɗa Maraɗi. A Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma da ba a samunsu sakaka a wata ƙasa sai Nijar, a 1996 saura 49 kacal suka rage a duniya, aka dage da kula da su har suka haura 600. Sai dai a wurin ne aka kashe mutum takwas a watan Agustan 2020, shida daga ciki Faransawa ma'aikatan agaji. Gandun W da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso shi ma matsalar tsaro ce. Mahaifiyata da ta ji ina zancen sai ta ce, "Kai dai ka nemi inda za ka je ka dawo mana lafiya." Magana ta ƙare, aka tsaya kan Yankari a jihar Bauchi.

Kuskuren da na yi shi ne na zaɓi lokaci don hutun makarantar yara, ban tambayi kowa ba ko dabbobin suna ganuwa a lokacin. Cikin Agusta muka tashi, tsakiyar damina, ni da ƙanena da ɗana. Bayan sallar asuba muka bar Katsina, muka wuce Kano, Wudil, Birnin Kudu, Ningi, muka kwana Bauchi, washegari muka kama titin Gombe zuwa Dindima sannan muka karkata zuwa ƙofar shiga ta Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke ma tafiya ce ta sama da kilomita 40 cikin daji. Ko'ina kore shar, ciyawa ta fi tsayin mutum, kyau kam akwai shi amma ba ka ganin komai taku goma gabanka. Kwana biyu muna shiga daji a buɗaɗɗiyar mota, abin da muka gani birai ne da mugun dawa da wata gwambaza ɗaya da ta gilma. Ɗana ya yi shiru a mota har ya ba ni tausayi.

Ma'aikacin dajin da ya raka mu, wani dattijo mai haƙuri, shi ya zaunar da ni ya yi mani bayani. Ya ce, "Alhaji, da damina ruwa na ko'ina, kowane kwari tafki ne, mi zai kawo giwa bakin hanya? Ka dawo da rani, lokacin da ruwa ya janye, duk sai sun gangaro kogin Gaji." Dajin nan faɗinshi ya kai murabba'in kilomita 2,244, giwayen da suka rage kuma ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, to ka ga in suka watsu cikin wannan faɗin ai sai dai ka yi ta yawo a banza. Kuma giwa ɗaya tana iya shan ruwa sama da lita 100 a rana, ba ta iya nisa da ruwa. Bayanin nan da na ji shi kafin mu taso da ban ƙona mai da kuɗi ba a wancan karon. Na ji ciwon abin sosai, musamman da yake ni na yi wa yaro alƙawari.

Abin da ya rage mana zafi ruwan Wikki ne. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminshi digiri 31 dare da rana, rani da damina. Sai kuma birai, manyan nan masu dogon baki, sun saba da mutane har ba su jin kora, in ka bar ƙofar ɗaki ko gilashin mota a buɗe to burodinka ya tafi. A gabana ɗaya ya fizge leda daga hannun wata baiwar Allah ya haye bishiya.

Karo na biyu cikin Maris muka koma, zafi kamar me, ciyawa ta bushe wasu wuraren an ƙone, kana hango nesa sosai. Wannan karon na kira tun kafin mu taso na tambayi inda aka ga garken a makon, kuma na ware kwana uku ba biyu ba. Fitar safe muka riƙa yi da ta la'asar, don da rana tsaka dabba ma inuwa take nema. Ranar farko mun ga ɓauna, garke guda baƙi ƙirin sun tsaya suna kallonmu ba ko motsi, mun ga gwanki da kanki, da kada yana shan hantsi a bakin ruwa. Tsando kuwa ya cije mu har ta cikin riga, ƙanena da ya sa baƙar riga ya fi kowa shan wuya, ashe baƙi da shuɗi ne ke jawo shi. Ku nemi kaya masu ruwan ƙasa, masu dogon hannu.

Rana ta biyu da yamma dattijon nan ya sa direba ya tsaya, ya nuna mana ƙasa. Sawu ne zagayayye kamar faifai, ɗana ya leƙa ya ce ai ƙafafunshi biyu za su shige ciki. Gaba kaɗan ga kashi tuli guda, ɗanye, har tururi-tururi yake, cike da ɓawon itace da ƙwallon giginya, ga rassa an karya su fari tas ruwansu bai bushe ba. Ya ɗora yatsa a baki. Aka kashe mota. Abin da na fara ji ba kuka ba ne, ƙarar karyewar reshe ce, ƙas, ƙas, sai wani gurnani can ƙasa-ƙasa da kake jinshi a ƙirji fiye da kunne. Sannan abin da na ɗauka dutse ne a bayan itatuwa ya motsa kunne. Suka fito ɗaya bayan ɗaya za su gangara ruwa, na ƙirga sha ɗaya na rikice, wata babbar uwa a gaba don a wurinsu mace ce ke jan garke, ga wani ɗan ƙarami yana tafe ƙarƙashin cikin uwarshi yana wasa da hanci. Wata 22 take ɗauke da cikinshi kafin ta haife shi, shi ya sa in mafarauta suka kashe guda don haure ba a mayar da gurbinta da wuri. Abin mamaki duk girman nan tafiyarsu ba ta da ƙara. Uwar ta tsaya ta juyo ta buɗe kunnuwa tana kallonmu, jikina ya yi sanyi, bakina ba abin da yake fita sai Subhanallah. Ɗana ya riƙe mani hannu gam ya ce a hankali, "Baba, ita ce?" Ban ma tuna da waya ba sai da suka kusa shigewa, hoton da na samu bayan giwa ne kawai da ƙura.

Zaki dai ba mu gani ba, kuma duk wanda zaki ne burinshi gaskiya kada ya ɗora rai a kan Yankari, sun yi ƙaranci ƙwarai, wannan sai ya tara kuɗin Kenya ko Tanzaniya ko Kruger a Afirka ta Kudu. Raƙumin dawa da jakin dawa ma ba mu gan su a ciki ba, amma akwai su a gandun Sumu da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka kawo su daga Namibiya a 2006, kuma yana kan hanyarmu ta Ningi zuwa Bauchi. Mai son giwa da yawa kuma akwai Zakuma a Chadi, wanda tun 2010 ƙungiyar African Parks ke kula da shi, na sa shi a raina in Allah ya hore.

Abin da ke damuna shi ne tun 1956 aka keɓe Yankari, aka buɗe wa jama'a a 1962, amma a layinmu na kasuwa da na nuna hoton nan mutum uku suka tambaye ni wace ƙasa ce. Mun fara adashi mu shida, Fabrairu mai zuwa in sha Allahu za mu ɗauki bas guda da yaranmu, mu tsaya Sumu a hanyar tafiya sannan mu yi kwana uku a Wikki.