Littafin da muka ɗinka ni da Inna

Ɗiyata mai shekara biyar ta dawo daga lekol da wani littafin hotuna da madam ɗinsu ta ara musu. Wani yaro ne da jar hula yana wasa cikin dusar ƙanƙara. Ta daɗe tana kallo, can ta ɗago ta ce, "Mama, don me suka zubar da gishiri haka?" Na yi dariya har da ƙwalla. Amma da na kwanta sai abin ya tsaya mini a rai: yarinyar nan ta san tuffa da jirgin ƙasa a takarda, tulun da take shan ruwa a cikinsa kullum kuwa ba ta san wa ya gina shi ba.

Na zagaya wajen masu baza littattafai a ƙasa kusa da babbar kasuwar Yamai. Na Faransa sun fi yawa, tsofaffi, wasu har da sunan yaron da ya fara mallakarsu. Ban samu abin da nake so ba, sai na ce bari in yi nawa. Waya gare ni, mai wanke hoto kuma yana bakin titinmu.

Na farkon da na yi, kunya nake ji in tuna. Shafi guda Buzu da rawani, shafi guda Bafillace da malafa, Bazabarme, Babarbare, Bagurme, kowa na tsaye ƙiƙam. Lokacin Inna ta zo daga Tawa ganin likitan ido. Ta jujjuya shi, ta miƙo mini, ta ce, "Wannan ai gidan namun daji kika yi. Mutane ne ko barewa? Ina hannuwansu?" Raina ya ɓaci, don jika huɗu na kashe. Gaskiyarta ce dai.

Sai muka sake lale, muka fara daga kayan da ke cikin gidanmu. Tabarmar da muke sallah a kai ta Madawa ce, ta kaba. Tulun daga Bubon ya zo, wani gari a bakin kogi da matansa suka yi suna wajen ginin tukwane. Bargon da ke ƙasan akwati tera-tera ne, saƙar mutanen Tera. Kowane abu shafi biyu: dama abin da kansa, hagu hannun da ke yin sa. Hotunan da yawa a gidan tarihi na Bubu Hama na ɗauke su, inda masu sana'a ke aiki a gaban jama'a, saura kuma a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata. Sai na nemi izini kafin in ɗauka, wani ma sai da na sayi ɗan zobe tukuna ya saki fuska.

Shafin da ya fi cin lokaci shi ne na sarƙar azurfar nan da Turawa ke kira kuros ɗin Agadas, Buzaye kuma na ce mata tanaghilt. Iri 21 ake lissafawa, galibinsu da sunan gari ko yanki, har da ta Tawa, abin da ya sa Inna ta gyara zama. Maƙerin ya fara siffanta ta da kakin zuma, ya lulluɓe da laka, ya sa a wuta kakin ya narke ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. In ta huce sai ya fasa lakar, ya zauna da magagari da ƴar kurfi yana fitar da zane. Hoto shida na jera. A na biyar kullum yarinyar ke tsayawa. "Don me ya fasa gidanta?" Na ce in bai fasa ba ba za ta fito ba. Har yau ba ta yafe masa ba.

A ƙarƙashin wasu hotunan na sa suna da harshe fiye da ɗaya. Ƙwarya, Zabarmawa su ce gaasu, Fulani su ce tummbude. Maƙwabciyarmu Bazabarma ce, ita ta gyara mini lafazi, tana yi tana tsokanata wai Ba'adara ba ta iya komai ba sai albasa.

Wuri guda muka yi saɓani da Inna. Na rubuta a shafin fata cewa baduku gwani ne, ita kuwa ta ce to, amma kar yarinyar ta taso da sha'awar auren su. Na ce, "Haba Inna, takalmin da ke ƙafarki fa?" Ta yi shiru, ta ci gaba da zura zare. Ita ta ɗinke bayan littafin, shafi 14, da zaren da take ɗinkin faifai, kuma shafin dukawan yana nan yadda na rubuta.

Makon jiya madam ta aiko wai in ara mata shi kwana biyu. Ya dawo da shatin miya a kan bargon Tera, kuma wani yaro ya zana wa maƙerin gashin baki da biro.