Lambar harbi a ƙirjin ɗan yayata

Yau da hantsi ɗan yayata da ke aikin soja a Amurka ya kira mu ta bidiyo, ya matso da wayar kusa da ƙirjinsa domin mu ga wani ɗan ƙarfe mai ruwan azurfa da zanen ganye ya kewaye shi, lambar mataki mafi girma a jarrabawar harbi da bindiga. Ya ce allunan harbi 40 ne ke tasowa a nisan mita 50 zuwa 300, kowanne ya tsaya na daƙiƙoƙi kaɗan ya kwanta. Wanda ya sami 23 ya ci jarrabawa, mai 30 ya hau mataki na biyu, irin tasa kuwa sai mai 36 zuwa sama. Kuma ba ta dindindin ba ce, domin idan aka sake jarrabawa hannunsa ya yi sanyi, za a mayar da shi ƙasa.

Ina cikin yi masa barka ya ce, "Kawu, ai jan kunama ba wuya, wuyar ita ce mutum ya riƙe numfashinsa ya natsu har ya tabbatar da abin da ya saita." Mahaifiyarsa ta yi shiru, ni ma jikina ya mutu, domin na tuna cewa allunan da yake kayarwa an yanka su ne da siffar mutum. Ina alfahari da ƙwazonsa ƙwarai, amma addu'ata ita ce Allah ya sa ya gama aikinsa bai saita bindigar nan a kan ɗan kowa ba.