Mako na tara: kalmomin makaranta masu fuska biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan koyo. Yau mako tara ke nan da na fara ware rabin awa bayan sallar isha'i ina tattara kalmomin Turanci, kuma wannan makon kaf a kan kalmomin makaranta ya ƙare. Na shiga da zaton nan zan ɗan huta, tunda duk wanda ya zauna a aji a Najeriya da su ya tashi a kunne. Ashe nan aikin yake.

Ƙanwata ce sila. Tana cike fom na neman gurbin karatu a wata jami'a ta Amurka, ta iso inda aka ce a rubuta college ɗin da mutum ya yi, sai ta sa sunan sakandarenta, domin akwai College a cikin sunan. Ta miƙo mini wayar, "Yaya, duba mini," na duba ban ga aibu ba. Ai haka abin yake a wurinmu: Kwalejin Barewa ta Zariya sakandare ce, kwalejin ilimi kuma ita ke ba da NCE, takardar shaidar malanta. Sai da muka gangara ƙasa muka tarar da wani gurbi daban an rubuta high school, nan jikinmu ya yi sanyi. A bakin Ba'amurke, college karatun gaba da sakandare ne; in ya ce ɗansa yana college, digirin farko yake nufi. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa nasu daban ne, don collège na Faransanci ƙaramar sakandare ce, wadda ake yi kafin lycée.

A daren na ɗauki jan biro da rula na sake tsaga shafin littafina. Da gida biyu nake yi, kalma a hagu, ma'ana a dama. Yanzu uku ne, na tsakiya na sunan ƙasa. Kafin mako ya fita gidan tsakiyar nan ya fi sauran cika.

Faculty a Bayero ko Ahmadu Bello tsangaya ce, kamar tsangayar shari'a ko ta kimiyya. A Amurka malaman ne da kansu, shi ya sa za ku ga sun rubuta a tuntuɓi "a faculty member". Can ɗalibi yana kiran kusan duk mai koyar da shi professor, mu kuwa bin Ingila muka yi, sai wanda ya kai ƙololuwa ake ce wa farfesa, saura lecturer ne. Public school a Amurka makarantar gwamnati ce, kamar yadda muke fahimta, amma a Ingila makarantar kuɗi ce ta 'ya'yan masu hali, irin Eton da aka kafa a 1440. Wanda ke tafiyar da jami'a a wurinmu Vice-Chancellor ne, Chancellor uban jami'a ne na girmamawa, sau da yawa sarki. Yawancin jami'o'in Amurka president suke cewa. 'Yan aji ɗaya zuwa huɗu da muke kira 100 level zuwa 400 level su ne freshman, sophomore, junior da senior. Waɗannan haddacewa kawai suke so, ban ɓata musu lokaci ba.

Inda na daɗe shi ne kalmomin aikatau, domin a nan Hausar da ke cikin kanmu take sa hannu. Mu kalma ɗaya ce, karatu: karanta wasiƙa karatu ne, zama da littafi don jarrabawa karatu ne, shekara huɗu a jami'a ma karatu ne. Turanci ya raba su, read daban, study daban. Haka koyo da koyarwa, tushensu ɗaya a wurinmu: na koyi lissafi, ya koya mini lissafi. Daga nan "he learned me" yake fitowa a bakin mai koyo, alhali teach ake so. Da na gane tushen kuskuren, sai na daina haddace learn da teach a ware. Jimla biyu na rubuta, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ina karanta su da ƙarfi ina ɗauka a waya, da safe in saurara a hanyar aiki.

Jarrabawa kuma ta ci mini dare biyu. Mu "write an exam" muke cewa, Bature na Ingila ya fi cewa sit, Ba'amurke take. Na ji masu cewa namu kuskure ne, ni ban yarda ba, don mutanen Kanada da Afirka ta Kudu ma write suke cewa. Turancinmu ne, yana da gidansa. Abin da nake so shi ne in san wa ke gabana kafin in zaɓa. Kwas ɗin da ɗalibi ya faɗi jarrabawarsa muke kira carry-over, a Ingila resit ko retake za a gane. Bitar karatu revise ce a Ingila da nan, a Amurka review, don revise a can gyaran rubutu ne. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce pass out: ɗan bautar ƙasa zai faɗe ta da murna ranar gama hidima, Ba'amurke kuwa zai ɗauka suma ya yi. Masu Faransanci ku lura da taku: "passer un examen" zama jarrabawa ne kawai, pass na Turanci kuwa cin ta ne.

Katunan haddar kalmomi da na yanka daga kwalin sabulu a mako na uku na ajiye su, kalma tilo ba ta zama mini a kai sai da jimla. Mako mai zuwa takardar sakamako zan kama: transcript, credit, major, da yadda ake bayanin makinmu na 5.0 ga wanda ya saba da 4.0, tunda ƙanwata tana jira kafin ta tura fom ɗin. Wanda ya taɓa cike irinsa a cikinku, don Allah ya faɗa mini abin da ya rubuta a gurbin major, wato babban fannin karatu.