Ƙarar da na yi sati uku ina ji

Yau da safe ina fitowa daga layinmu, na karya sitiyari zan hau titi, sai ga ƙarar nan daga ƙasan mota, ƙas-ƙas-ƙas, ta gaba ɓangaren dama. Ina miƙe hanya ta ɗauke. Na sauke yara a makaranta na zarce gareji. Bakaniken bai ko buɗe gaban motar ba. Ya ce, "Alhaji, murɗa sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali." Ya bi ni a ƙafa, ya sunkuyar da kai yana saurare. Zagaye ɗaya ya ɗaga min hannu. Ya ce da boris ne, gurnani zan ji, kuma ƙaruwa yake yi in an taka mota. Da bushin ne ko shokofsoba, a gargada za su yi magana. Wannan da ke fitowa a kwana kaɗai, kan shaf ne, wato gaɓar ƙarfen da ke juya tayar gaba.

Da ya sa jak ya ɗaga ta, ya kira ni in leƙa. Robar da ke rufe kan shaf ɗin ta yage, giris ya fantsame a cikin taya, yashi ya shige yana cin ƙarfen. Ya ce da roba kawai za a canja tun farko, yanzu sai an je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa an sayo kan shaf ɗin gaba ɗaya. Kuɗin bai dame ni ba kamar tuna cewa sati uku ina jin ƙarar nan kullum, da yarana zaune a baya.