Godiya: an sallamo Auta, an kuma saki gas

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya bayan la'asar aka sallamo ƙanina Auta daga asibiti, da ƙafarsa ya shiga gida. Shekaranjiya kuma aka saki gas a bututun da muke aikinsa ni da shi, ko yoyo babu. Tun daren jiya na so rubuta wannan, barci ya sace ni da waya a hannu.

Masu bibiyata kun san yadda makonnin nan suka kasance. Bututun namu ba irin na AKK (Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano) ba ne mai kilomita 614, ɗan reshe ne zuwa masana'anta, amma ya sha mana rai. Mun tura alade ya goge tsatsa da burbushin walda (haka ake kiran abin gogen, ba mu muka raɗa masa ba), mun cika bututun da ruwa, mun matsa shi fiye da ƙarfin da zai yi aiki da shi, muka kwana awa 24 muna gadin allurar ma'aunin matsi. Sanyin asuba ya sa ta ɗan sauka, hanjin kowa ya kaɗa, rana ta fito ta koma wurinta. Duk wannan ya wuce.

Abin da ya kasa barin idona shi ne ranar naitirojin. Ana cika bututu da shi ne don a kori iskar ciki kafin gas ya shiga, domin gas da oksijin in suka haɗu, ƙyastu ɗaya ya isa. A tanka ake kawo shi yana ruwa, sanyinsa digiri 196 ƙasa da sifili, kuma muddin da sauran sanyi a jikinsa, rami yake nema ya kwanta, ya kore oksijin ɗin da mutum zai shaƙa. Ba wari, ba launi. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa ma shi ne, shi ya sa mutum ke raina shi. Auta ya sauka ramin bawul (makunnin bututu) ɗaure noti ɗaya tak. Ko wayyo bai ce ba, kawai na ga ya sulale.

Na ruga, har na ɗora ƙafa a tsani, sai na ji an shaƙo wuyan rigata ta baya. Baba maigadi ne. Ya ce, "Ɗana, in ka sauka gawa biyu za mu fitar." Wallahi na bangaje shi, na faɗa masa maganar da ban taɓa faɗa wa sa'an mahaifina ba, bai sake ni ba. Dattijon da bai taɓa zama a aji ba. Daga baya yake gaya mini a ƙauyensu ya ga rijiya ta ci mutum uku a jere, kowa ya shiga ɗauko na gabansa. Baba, na san ba ka Facebook, amma jikanka zai karanta maka: ka yafe mini. Allah ya sa ka gama da duniya lafiya, ya ba ka masu riƙe ka ranar da ƙarfi ya ƙare, ya haɗa ka da Manzon Allah (SAW) a Aljanna.

An ce alheri a ɓoye ya fi lada, amma yau sai na faɗa. Mai kula da lafiyarmu a wurin aiki, wanda muke tsokana da Malam Sefti saboda yawan mitarsa, shi ya goya silindar iskar numfashi, ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, na'urar da ke kuka in oksijin ya gaza kashi 19.5 tana ta ihu a ƙirjinsa. Ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba. Allah ya tsare masa 'ya'yansa. Direban da ya kwashe mu, Mama mai abinci da ta riƙa aiko kunu har gadon asibiti ba ta karɓi ko sisi ba, da ma'aikatan jinya na dare, Allah ya biya ku, ya yaye muku abin da ya dame ku, ya jiƙan iyayenku.

Kwana 9 muka yi a asibiti. Akwai 'yan uwan da kuɗin Keke Napep kawai ya raba su da asibitin, sitika suka turo a WhatsApp. Hajiyarmu duk motsin ƙofa sai ta ɗaga kai. Ba komai, kowa da uzurinsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko za a yi 'yar sadaka a ƙofar gida. Baba, ni da kaina zan zo ɗaukarka.