Daga shagon buga riguna zuwa ɗakin da ba a son ƙura

Kafin in shiga jami'a a Aliero, na yi shekara biyu ina yaron shago wurin wani mai buga rubutu a jikin riguna a Birnin Kebbi. Mukan shafa wa rariya wani magani cikin duhu, mu ɗora takardar zane, mu fitar rana. Inda rana ta taɓa ya daskare, inda zane ya tare ruwa ya wanke shi. Maigidana ba ruwansa da agogo, sama yake kallo. In da hazo ya ƙara lokaci.

Ashe litogirafi, wato fasahar fitar da zane ta hanyar haske, nake koyo ban sani ba, sai da na tafi ƙaro karatu waje. Can farantin silikon ko gilashi ake ɗiga wa wani magani makamancin wancan, inji ya juya shi sau dubbai a minti har ya baje, sannan a haska shi ta cikin zane da wani haske na musamman. Fitilun ɗakin duk rawaya ne, don farin haske yana ɓata maganin.

Aikin da ya fi burge ni shi ne ƙera ƙananan tabarau. Za ka fitar da 'yan dunƙulen magani, kowanne bai kai kaurin silin gashi ba, ka ɗora farantin kan ƙarfe mai zafi. Suna narkewa sai kowanne ya tattare ya yi tozo, kamar raɓa a kan ganye. Shi ke nan, tabarau ya samu. Irinsu ne jere a kan idon kyamarar wayarka suna tara haske.

Nan girman kai ya kayar da ni. Na ɗauka ina da idon maigida, na riƙa kintatar zafi da lokaci. Faranti uku na ɓata: wani bai narke ba, wani ya malale. Na huɗu kuma garaje ya hana ni hure shi da iskar naitirojin, ƙwayar ƙura ɗaya ta ja masa zane kamar tauraro mai wutsiya. Malamar da ke kula da ni ba ta yi faɗa ba (da ma faɗan ta yi, da ya fi sauƙi). Littafi ta miƙo mini, ta ce in rubuta komai, kuma kada in sake canza abu biyu a gwaji ɗaya.

Da na zo hutu na ba maigida labari. Ya daɗe shiru yana wanke rariya, sannan ya ce, "Kai yaro, ni ma sai da na ɓata rariya ta fi a ƙirga kafin in fara kallon sama. Lokacin ba ka zo ba."